Ɗawisu a Garin Marasa Data

Mutumin da ya haura arba'in, mai mata da 'ya'ya da furfura a gemu, bai kamata a ce zomo ya kashe shi ba. Ni kuwa zomo ya sha kashe ni. Wani ƙato ne ruwan hoda, kunnuwa a tsaye, riƙe da bindiga mai aman wuta kala-kala. In ya gama da ni kuma ba ya wucewa ya ba ni wuri. Sai ya tsaya a kan gawata ya taka rawa, ya kwashe harsasaina da 'yan magungunan da na sha wuyar tarawa, sannan ya hau mota ya ƙara gaba. Bayan zomo, kwarangwal ya kashe ni, kaza ta kashe ni, wata yarinya mai kunnen mage da takalmin makaranta ma ta taɓa bi na har cikin banɗaki ta ƙarasa ni.

Ɗan yayata ne ya jefa ni a wannan hali. Lokacin kullen korona a 2020, da aka rufe makarantu aka hana fita a Kano, a gidana ya zauna. Wata rana ya karɓi wayata wai zai share mini tarkace, ya dawo da ita ɗauke da wasan harbe-harbe. Ba zan kama sunan wasan ba, domin abin da ya same ni daga baya ni na kai kaina, ba wanda ya ja ni. Amma duk wanda ya san PUBG Mobile ko Free Fire ko Call of Duty Mobile ya san irinsa: jirgi ya ɗebo mutane ya watsa su a wani tsibiri, kowa ya sauko da lema hannu Rabbana, ya shiga gidajen da ba kowa yana tsintar bindiga da sulke, fili kuma yana ta tsukewa, har a bar tawaga ɗaya a raye.

Tawagarmu mutum huɗu ce: ni, da ɗan yayar tawa, da wani tela a bakin layinmu, da mai shagon cajin waya. Su ukun jarumai ne, da sun ji ƙarar bindiga can suke nufa. Ni dabarata ɗaya ce tal. In nemi ciyawa mai duhu, in kwanta rub da ciki, in yi lamo, in bar masu zafin kai su ƙarar da junansu. Yara suna kiran masu irin wannan hali macizai. Ban taɓa jin haushin sunan ba, don da wannan macijancin na sha kai tawaga zagayen ƙarshe ba tare da na harba ko harsashi ɗaya ba. Kayan da nake sawa kuwa na kyauta ne, wani kaki mai ruwan ƙasa wanda in na shige ciyawa ko ni kaina sai na lalubo kaina.

Saboda haka da na fara wa'azi a kan kayan ado, da tsarkin zuciya na fara. Aƙidata mai sauƙi ce. Kowa ya sa abin da ya ga dama, kuɗinsa ne. Amma wayar nan tawa ce, datar tawa ce, idon ma nawa ne. A sa mini maɓalli guda a cikin saiti, in na danna kowa ya koma soja mai kaki a fuskar wayata. Mai zomo ya ci gaba da ganin zomonsa, ni kuma in mutu a hannun mutum kamar yadda ya dace da shekaruna. Wa aka zalunta?

A majalisarmu ta bayan isha'i na zama malamin wannan fanni, har sai da mutane suka fara duba agogo in na gyara murya. Nakan faro musu daga 2006, shekarar da kamfanin Bethesda ya sayar da sulken doki a wasan Oblivion a kan dala biyu da rabi. Duniyar masu wasa ta yi ta dariya, ana cewa wane mahaukaci ne zai biya kuɗi don dokin da babu shi ya yi kwalliya, a wasan da mutum ke bugawa shi kaɗai, ba mai ganinsa. Aka gama dariya, aka je aka saya. Daga nan sai in zarce in lissafo musu inda aka kwana: Cristiano Ronaldo ya shiga Free Fire a 2020, Messi ya shiga PUBG Mobile a 2022, a 2023 kuma Call of Duty, wasan da ya yi suna da yaƙin duniya na biyu da sojojin ƙundumbala, ya fito da mawaƙiya Nicki Minaj cikin kaya ruwan hoda tana harbi, a kan kusan dala 20. Wanda na fi jin daɗin bayarwa shi ne labarin ayabar Fortnite. A shari'ar Epic Games, masu wasan, da Apple a 2021, a gaban alƙaliyar kotun tarayya a Kalifoniya, lauyan Apple ya nuna hoton Peely, ayabar nan mai hannu da ƙafa da 'yan wasa ke sawa, amma ya zaɓi wadda ta sha kwat, wai don ba ya so ya kawo ayaba tsirara gaban kotu. Daga baya lauyar Epic ta nuna tsirarar, don a tabbatar ayaba ce kawai. Manyan lauyoyi, ana biyan su da awa, suna muhawara a kan suturar ayaba. In na kawo nan sai in dafa gwiwa in ce, "Jama'a, wannan ita ce duniyar da muke bar wa 'ya'yanmu."

Ina da hujja ta hankali ma, ba ta ɓacin rai kaɗai ba. Kaya suna canza wanda zai ga wani da farko, a wasan harbi kuwa wanda ya fara gani shi ke da rai. A wasan Warzone, a 2020, an fito da wata sutura ta Roze, baƙa ƙirin daga kai har ƙafa, har fuska. Masu ita suka riƙa laɓewa a lungu mai duhu, kana shiga ɗaki ba ka ga kowa ba sai ka ji ka a lahira. Kuka ya yi yawa har sai da aka ƙara wa suturar haske a 2021. Abin da aka sayar da sunan ado ya zama makami. Da akwai maɓallina, da ba a kai ga haka ba.

Ɗan yayata ne kaɗai yake iya tare ni, kuma cikin ladabi yake yi, wanda ya fi ciwo.

"Kawu, tun da ka fara wasan nan, nawa ka taɓa ba su?"

"Ko sisi," na ce, har da bugun ƙirji.

"To wa kake tsammani yake biyan masu zana tsibirin, da kuɗin wutar injinan da ke ɗauke da mu? Zomon nan da kake zagi shi ya biya maka kuɗin shiga."

Na ce ai kamfanonin ba matsiyata ba ne. Ya ce da ma bai ce matsiyata ba ne, ya tuna mini da abin da ni da bakina na faɗa a majalisa, cewa takardun waccan shari'ar ta ayaba sun nuna Fortnite ya samu sama da dala biliyan 9 a 2018 da 2019, alhali kyauta ake shigarsa. "Daga ina kuɗin suka fito, Kawu? Daga riga da wando da rawa. Kuma mai zomo ba don ya ga kansa ya saya ba, ƙeyarsa kawai yake gani a waya. Don kai ka gani ya saya. Idonka suka sayar masa. In ka rufe idon, me ya saya?"

Ban yi shiru ba. Na ce World of Tanks, wasan tankokin yaƙi, yana da wurin da za ka danna ka ɓoye duk fentin da bai dace da tarihi ba, kuma kamfanin bai rufe shago ba. Na ce tun zamanin Quake III, a 1999, ɗan wasa yana iya tilasta wa kwamfutarsa ta nuna masa duk abokan karawa da siffa ɗaya, kuma gwanaye haka suke yi. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Kawu, wa ka sani yana buga wasan tankoki a unguwar nan?"

A haka muke har wani dare da albashi ya shigo.

Kowa ya yi barci, ba wuta, ina kwance a tsakar gida saboda zafi. Na buɗe wasan, sai ga talla ta cika fuskar waya. Sulke ne na zinariya, da hular kwano mai tuntu, a baya kuma fukafukan ɗawisu suna buɗewa suna rufewa a hankali, kore da shuɗi, kowane gashi da idonsa. In mai shi ya taka, wata ƙura mai ƙyalli tana bin sawunsa. Na ce bari in duba don in san abin da zan soka gobe a majalisa. Na juya shi hagu, na juya shi dama. Akwai wurin gwadawa, na gwada. Jama'a, ban taɓa sanin ina da faɗin kafaɗa haka ba.

Ba kai tsaye ake sayar da shi ba. Wani faifai ne ake juyawa, kayan suna jere a kewaye, duk inda ya tsaya naka ne. Juyin farko bai kai kuɗin shayi da burodi ba. Na samu safa. Na biyu ya ɗan fi tsada, na samu sitika. Daga nan fentin gurneti, sai lema mai zanen kankana. Kowane juyi yana ninka na bayansa ko ya kusa, sulken kuma yana nan a sama yana kallona yana buɗe fukafukai. A 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta yanke cewa akwatunan sa'a da ake saya da kuɗi a wasanni caca ne, har wasu kamfanoni suka janye su daga ƙasar. Wannan ma yana cikin laccocina, da girgiza kai nake ba da shi. Kuma ban ma buƙaci zuwa Beljiyam ba, malamin Islamiyyar unguwarmu ya isa ya ba ni amsa, shi ya sa har yau ban kai masa tambayar ba. A daren dai wani abu ya raɗa mini cewa tun da an jiƙe, a ƙarasa wankan. In ka tsaya yanzu, an ce da ni, kuɗin nan duka ka sayi safa ke nan.

Sulken ya faɗo a juyin ƙarshe, daidai lokacin da ladan ya fara gwada lasifika. Kuɗin da aka ware don gyaran firij sun tafi, har da ɗoriya.

Da hantsi uwargida ta ce, "Malam, yaushe mai gyaran firij zai zo?" Na ce mata a ɗan dakata, dala ta tashi. Ban yi mata ƙarya ba, da dala aka yi mini lissafin.

A daren ranar mai caji ya tayar da zancen maɓalli a majalisa, don ya san nan ne ƙaiƙayina. Sai na ji bakina yana cewa ai maganar tana buƙatar nazari, kada a yi gaggawa, wanda ya sa guminsa ya sayi abu shi ma yana da haƙƙi. Na ce addini ma bai hana ado ba. Wani dattijo ya leƙo fuskata ya ce, "Lafiya kuwa?"

Rayuwar ɗawisu tana da wahalarta. Ciyawar da ta rufa mini asiri tun zamanin korona ta sallama ni. In na kwanta, fukafukan suna tsaye a sama suna kaɗawa, ƙurar zinariya kuma ta zana hanya tun daga inda na sauka har inda na ɓuya. Mutanen da ban ma san daga wane tsauni suke ba suka riƙa ɗauke ni tun ban gama ɗaura sulke ba. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka. Rabin wasanmu ya koma ɗaukar gawata, tela yana jefa hayaƙi, ɗan yayata yana rarrafowa ya tashe ni, in tashi in yi taku uku a sake kwantar da ni. Amma ko a jikina. Na gaya wa kaina cewa hassada ce, maƙiya sun ga dukiya. Na daina kwanciya a ciyawa gaba ɗaya, don ban ga amfanin zinariyar da ke kife a ƙasa ba. Na fara tafiya a tsakiyar titi. Na fara tsayawa a kan rufin gida ina duban gari.

Inda na fi more kuɗina shi ne zauren jira, kafin jirgi ya tashi, inda mu huɗu muke tsayawa a jere. Tare da sulken an ba ni wata rawa, mutum ya buɗe fukafukai ya juya sau biyu ya rusuna, wuta ta tashi a ƙarƙashinsa. Kullum sai na danna.

"Ku duba nan," in ce a makirfo.

"Ma sha Allah, Alhaji, an sha kyau," in ji tela. Ban taɓa zuwa Makka ba, amma tun da na sa zinariya sunan ya daina yi mini nauyi.

"Kai, Kawu, ba dama," in ji ɗan yayata.

Mai caji ba ya cewa komai. Na sa shi a layin mahassada, har na fara kai cajina wani shagon.

Kowa daga gidansa yake bugawa, shi ya sa abin ya daɗe. Sai wani lokaci da taransifomar unguwa ta ƙone, dole ta tara mu a shagon mai caji, mu huɗu a benci ɗaya, injin yana ruri a bayanmu. Muka shiga zauren jira. Na danna rawata. Sai zuciyata ta ce, yau ga dama ka ga yadda duniya ke ganinka. Na karkata na leƙa wayar ɗan yayata.

Wani mutum na gani mai sanƙo, sanye da farar singileti da gajeren wando ruwan toka, ƙafa ba takalmi. Yana tsaye ƙiƙam, hannuwa a sake, ba ya ko motsi. A saman kansa an rubuta sunana.

"Wane ne wannan?"

"Kai ne, Kawu."

"Ina fukafukan?"

Ya sosa ƙeya. Ya dubi tela, tela ya dubi silin.

Ga yadda abin yake, ga wanda bai sani ba kamar yadda ban sani ba. Kayan adon nan suna da nauyi a waya, kuma dubbai ne, kullum ana ƙara sababbi. Masu manyan wasannin waya sun san yawancin jama'arsu a Indiya da Indonesiya da Brazil da irin ƙasashenmu ƙananan wayoyi suke riƙewa, saboda haka ba sa cusa komai a cikin wasan tun farko. Taswirori daban, muryoyi daban, kayan ado daban, wanda yake so ya sauke. Wanda bai sauke ba, in mai sulken zinariya ya tsaya a gabansa, wayarsa ba ta san sulken ba, sai ta tufatar da shi da abin da ta tarar a gida. Ni wayata ta zuƙe komai da intanet ɗin ofis ba tare da ta yi shawara da ni ba, na ɗauka kowa haka yake.

"Kawu, giga nawa ce fa," in ji yaron. "In na sauke su, wayata ko hoto ba za ta ƙara ɗauka ba."

Tela ya ce tasa wayar cike take da hotunan ɗinki da saƙonnin muryar masu zaginsa a kan kayan sallar bara. Mai caji kuwa, wanda na ɗauka hassada ce ta ɗaure masa baki, ya ce shi da gangan ya goge su tun tuni, don wasan ya fi gudu a haka, waya ba ta zafi, kuma ya fi saurin gane abokin gaba. "Ni kowa a singileti nake ganinsa, Yallaɓai. Zomon nan da kake ta faɗa, wallahi ban taɓa sa shi a ido ba."

Wato duk daren da na kwashe ina lacca a kan maɓalli, ina kawo Bethesda ina kawo Beljiyam, mai maɓallin yana zaune kusa da ni yana shan shayi.

Na ce, "To ma sha Allah ɗin da kuke ta yi fa?"

Tela ya gyara zama. "Alhaji, babba ya ce a duba, ai sai a duba. Kuma ni sana'ata ce. Duk wanda ya sa kaya ya tambaye ni, sun yi masa kyau."

Ɗan yayata ya ce shi da farko ya ɗauka sabis ne yake riƙe ni, shi ya sa nake sandarewa a zaure ina cewa a duba. Da ya gane, sai ya ga ba tarbiyya ba ce ya gaya wa ƙanin mahaifiyarsa cewa a gajeren wando yake.

Da na koma gida na zauna na yi lissafin waɗanda suka ga sulkena tun da na saye shi. Abokaina ba su gani ba. Talakawan tsibirin, masu ƙananan wayoyi irin nasu, ba su gani ba. Waɗanda suka gani su ne masu manyan wayoyi da intanet mara yankewa, masu ganin ƙuda daga tsallaken kogi, wato daidai mutanen da ke kashe ni. Na zama kamar wanda ya ɗinka gezna ta sha aiki, ya isa wurin biki aka ɗauke wuta, sai 'yan fashi kaɗai ke da tocila.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, makonnin nan da na yi ina rawa a singileti su ne mafi daɗi da na yi a wasan. Daɗin na gaske ne, na ji shi a ƙirjina, alhali ba wanda yake kallo. Ke nan yaron bai faɗi daidai ba da ya ce idona aka sayar wa mai zomo. Zaton ana kallonsa aka sayar masa, kuma zato ba ya buƙatar ido, yana buƙatar kada a taɓa shi ne kawai. Ina jin nan ne tsoron kamfanonin yake. Mutane ƙalilan ne za su shiga saiti su nemi maɓalli, yawanci ko sautin wasa ba sa iya ragewa. Amma ranar da aka rubuta shi ɓaro-ɓaro, duk wanda ya ɗaga yatsa zai juya faifai sai ya tsaya ya ce, anya ana ganina kuwa? Mai wannan tambayar ba ya kai wa juyi na biyu. Ni shaida ne, don tun daga daren bencin nan ko safa ban ƙara saya ba.

Su ma manyan sun ji zafin kukan. A 2025, bayan an cika Black Ops 6 na Call of Duty da 'yan katun irin su Beavis da Butt-Head, kuma masu Battlefield 6 suna ta alkawarin sojojinsu za su yi kama da sojoji, masu Call of Duty suka sanar cewa suturun Black Ops 6 ba za su bi 'yan wasa zuwa Black Ops 7 ba. Sun yarda mutum ya bar kayan da ya saya a tsohon gida. Maɓallin ɓoye kayan wasu dai bai zo tare da sabon wasan ba.

In ka tambaye ni matsayina yau, ya danganta da abin da na sa. Ranar da na koma tsohon kakina na shige ciyawa, ina nan a kan bakana: a ba mu maɓalli, wayata ce, idona ne, kuma ba adalci ba ne a ce sai marasa data ne za su huta da zomo. Ranar da na fito da fukafukai kuwa, ina ganin ya kamata a kafa kwamiti.

Na yi ƙoƙari na ƙarshe. Na tura wa ɗan yayata data mai yawa, na ce ya goge abin da zai goge ya sauke kayan, ko mutum ɗaya ne a dangi ya ga inda kuɗin suka shiga. Ya sauke. Muka shiga zaure, na danna rawa, wuta ta tashi. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Gaskiya ya yi kyau, Kawu. Amma don Allah in mun sauka ka riƙa bin wata hanyar daban. Yanzu na gane abin da ya sa ake ta harbin mu." Washegari ya goge su, ya ce wayar tana zafi.

Kuma bai tsaya nan ba, ya ba uwarsa labari. Yaya kuwa ba ta iya cin dariya ita kaɗai. Da na dawo daga aiki na tarar da uwargida zaune a tsakar gida, ga kular ƙanƙarar da take aika yara su sayo kullum tun da firij ya mutu. Ta amsa sallamata, ta kawo mini ruwa, ta bari na sha.

"Malam, nuna mini firij ɗin nawa mai fukafukai."

Na buɗe na miƙa mata. Ta riƙe wayar nesa da fuska, ta juya shi hagu, ta juya shi dama, ta daɗe tana duban gashin ɗawisun ɗaya bayan ɗaya. Tun da na saye shi ba wanda ya ba shi lokaci haka.

"An ce yana rawa."

Na danna. Ya buɗe fukafukai, ya juya sau biyu, ya rusuna mata, wuta ta tashi.

"Ma sha Allah," ta ce. "To ƙanƙara fa, a ina ake dannawa?"